Saƙon Faisal zuwa Harami

Jiya bayan la'asar Hajiya, mahaifiyata, tana shirin tafiya masallacin Harami, kowa a gidan yana ba ta saƙon addu'a kamar kullum. Sai ga ɗana Faisal riƙe da littafinsa na labari cikin zane.

Yaron nan a nan ƙasa mai tsarki ya tashi, Larabci ya fi iyawa, Hajiya kuwa Hausa kawai. Tsakaninsu sai gaisuwa, abin ya daɗe yana damuna.

Ya durƙusa, da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Hajiya, ki roƙa mini. An ce za a yi fim ɗin wannan. Kada su ɓata shi."

Ta duba hoton: wani ƙato sanye da tutar ƙasarsa, yana fatattakar sojojin mamaya.

"Wannan ɗan gidan wa ne?"

"Zane ne, Hajiya. Lokacin yaƙi aka yi shi, don mutane su daina tsoro."

"To, ya sallami uwarsa kafin ya tafi yaƙin?"

Faisal ya kwashe da dariya. "Wallahi ba su faɗa ba!"

"Zauna, maigidana, ka ba ni labarinsa. Ba na roƙa wa wanda ban sani ba."

Har aka kira magariba suna nan, yana laluben kalmomi tana gyara masa. Ta ce in fim ya fito, shi zai kai ta Jidda su kalla.

Ni da na koyi karatu da girmana, ban san littafin zane zai yi wannan aikin ba. Ku taya mu roƙo a yi fim ɗin nan. Ku me ya taɓa zaunar da 'ya'yanku gaban kakanninsu?