Ƙofar Inna da mesh biyu

Injin sassaƙa katakon ya iso Bouza cikin kwali, ɗaure a saman motar kaya tsakanin buhunan garin rogo. Wana ne ya aiko shi daga Abidjan, inda ya daɗe yana cirani. Maigidansa, mai yin allunan shaguna, ya sayi babba ya bar masa ƙaramin. A waya ya ce mini, "Kai ka koya ma yara lissahi, sai ka gane kanshi. Ni dai ya gagare ni."

Ni malamin lissafi ne a kolej, ban taɓa riƙe zarto da sunan sana'a ba. Injin bai kai rabin tabarmar salla ba. Yana da kai mai tafiya gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, kan kuma yana juya wani ɗan ƙarfe mai kaifi da kafintocinmu ke kira mesh. Ka yi zane a ordinata, wato kwamfuta, shi kuma ya sassaƙa a katako. Na ajiye shi a zaure, na fara da ƙananan abubuwa, har na yi wa ajina allon ƙofa.

Wannan allon ne Inna ta gani. Inna yayar mahaifiyata ce, tana zaune a Tama, ta zo ganin likita ta sauka gidanmu. Tun tana budurwa take zanen ƙwarya, babu amaryar da aka kai a unguwarsu ba da aikinta a jere ba. Yanzu hannunta na rawa, ta ajiye wuƙar. Ta juya allon gaba da baya, ta sa farce cikin haruffan.

"Mushe," ta ce, wato malam a bakin ƴan lakwal, don haka take kirana in za ta tsokane ni, "wanga abu naka ya iya zanen ƙwarya?"

"Ya iya, Inna."

"To, an gina min sabon ɗaki. Ƙyaure nika so da zanena bisa."

Na amsa da sauri, ba tare da na san abin da na ɗauko ba. Bayan mako ta aiko da tsohuwar ƙwaryarta ta aure, naɗe cikin zane.

Hutun lakwal ya zo, na zauna na kwafe zanen. Akwai wani jeri da take kira sawun zabuwa, layuka uku-uku sirara, sai manyan kusurwoyi da aka rarake cikinsu. Tunda injin ƙarami ne, na raba aikin gida huɗu, alluna huɗu da kafinta zai haɗa a jikin ƙyaure. Nan na gane mesh ɗaya ba zai wadatar ba. Sai mai faɗi ya kwashe cikin kusurwoyin, sannan mai tsini ya ja siraran layukan.

Na nuna wa ordinata haka, na ɗaure katako, na tayar. Mai faɗin ya yi aikinsa tsaf. Ina tsaye da sabon mesh a hannu ina jiran injin ya tsaya in sauya, sai na ga ya wuce abinsa. Ya bi sawun zabuwar da mesh mai faɗi, ya mayar da shi sawun raƙumi. Kafin in kai hannu ga maɓallin, katakon ya tashi daga aiki.

Na yi kwana biyu ba na son shiga zauren. A rana ta uku na buɗe takardar umarnin da ordinata ke aika wa injin, na bi ta layi-layi kamar ina gyaran jarrabawa. A tsakiya na tarar da M6. Na bincika a waya, na ga ma'anarsa "sauya mesh". Manyan injuna suna da hannun da ke sauyawa da kansu. Nawa ba shi da shi, ya ga umarnin ya tsallake.

Ashe tsakanin zane da inji akwai wani ɗan fishiye, wato fayil a cikin ordinata, da ke mayar da zanen zuwa umarni, kowane irin inji da nasa. Ni tafinta nake ce masa. Tafintan da ya zo da injina na manyan injuna ne. Na ji tsoron taɓa shi, sai na fara ajiye kwafinsa wuri biyu, sannan na nemo inda yake rubuta M6 na goge. Na rubuta abin da nake so da kaina: kashe juyawar, ɗaga kai sama, matso gaba inda hannuna zai kai, tsaya har sai na danna.

Na gwada a kan guntun katako. Mai faɗin ya gama, ƙarar ta mutu, kan ya ɗaga, ya taho gabana ya tsaya cak. Na yi ihun da ya sa matata ta fito daga madafa da muciya a hannu.

Murnar ba ta kai minti biyar ba. Na sa mai tsinin, na danna, ya nutse cikin katakon ya karye. Ya fi na farkon tsawo, injin kuwa bai san an yi sauyi ba, da tsohon awo yake aiki. Mesh mai tsini biyu ne kacal cikin kwalin, yanzu saura ɗaya, kuma ba a sayar da irinsa ko a Madaoua.

Matata ta dubi guntun ƙarfen ta ce, "To ka bari shi auna kanshi mana, in kai ba ka iyawa."

Da wasa ta faɗa, amma hanyar ke nan. A bayan akwatin injin akwai rami biyu da ban taɓa sanin amfaninsu ba. Na je wurin mai walda na unguwarmu ya yanko mini ɗan falle na sanholama, farin ƙarfen da ake tukunya da shi. Na zura wayoyi biyu a ramukan, na ɗaura wa fallen ɗaya, ɗayar na maƙala a jikin mesh. In tsinin ya taɓa fallen, wutar lantarki ta haɗu, injin ya san inda ƙasa take. Na koma wa tafinta na ƙara layuka: bayan sauyi, sauka a hankali har ka taɓa, cire kaurin fallen, nan ne sifirinka.

Injin ya ƙi karɓa. Na karanta layukan ya fi sau ashirin. Sai bayan sallar la'asar, ina shan shayi, idona ya faɗa kan kaurin fallen. Na rubuta shi da waƙafi, yadda nake koya wa ɗalibaina a kan allo, shi kuwa injin ɗigo yake so. Na gyara wannan ɗigo ɗaya. Kan ya sauko kamar mai tsoron farkar da jariri, ya taɓa fallen, ya ja baya. Na gwada sau biyar da ashana a matsayin mesh kafin in yarda in sa na gaske. Lantarki ba ya bin itacen ashana, don haka na naɗe ta da takardar azurfa ta kwalin shayi.

Ranar da zan yi allon farko na gaske, Inna ta zo, ta ce sai ta gani da idonta. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Da injin ya tsaya ya matso gabana, ta ce, "A'a, ya gaji?"

"Wuƙa zan sauya mishi, Inna."

"Haka a kai. Ni ma wuƙa biyu nika aiki da su." Ta gyara zama. "Ashe yana da hankali."

Mai tsinin ya shiga, layukan suka fara fitowa uku-uku, sirara, ba wanda ya fi wani zurfi. Da aka gama na hure garin katakon na miƙa mata. Ta daɗe tana bi da yatsa. Sai ta tsaya a kusurwa ɗaya.

"Nan ka yi kure. Sawun ga ciki ya kamata shi duba, ba waje ba."

Na ɗauko ƙwaryar, gaskiyarta ne. Na juya shi a ordinata, muka sake wani allon a gabanta, injin ya tsaya inda ya kamata, ya auna kansa, ya ci gaba. Wannan karon ta ɗora allon a cinya ta ce a kawo mata fura. Kafin magariba mun gama biyu, washegari sauran biyun.

Kafintan Tama ya haɗa ƙyauren cikin mako ɗaya. Ranar da aka kafa shi, matan unguwa suka cika tsakar gidan, waɗanda ta yi wa ƙwaryar aure suna nuna wa ƴaƴansu zanen da suka sani. Ina daga gefe ina riƙe da guduma, na ji wata ta tambayi wa ya yi.

"Ni," in ji Inna. "Ɗana ya riƙa min wuƙa."