Manhajar da na zaɓa wa malaman gona

Lokacin da nake malamin gona a Safana, guruf ɗaya muke da shi, a koriyar manhajar nan da ke wayar kowa. Shugaban sashenmu ne ya buɗe shi don aiki: rabon taki, isowar maganin feshi, taron wata. Kafin damina ta zagayo ya koma dandali. Da asuba gaisuwa, da hantsi wa'azi, sai sanarwar rasuwa da jerin addu'o'i har yatsa ya gaji da ja. A tsakiyarsu kuma ga muryar wani yana cewa kada a bi hanya kaza yau, an ga babura a bakin daji.

Wata rana aka kira taro kan tsutsar da ta faɗa wa masara, da yawa ba su zo ba. Saƙon ya nutse cikin ta'aziyya. Shugaba ya dube ni, don wayata ta fi ta kowa ɗan kyau.

"Malam, ka nemo mana wata manhajar ta aiki zalla. Ban da barka da Juma'a."

"To, ranka ya daɗe."

Daga Batsari nake zuwa aiki a babur. In na dawo da la'asar, bayana na ciwo, sai in zauna ƙofar gida inda sabis ya fi kamawa, in sauke wannan in goge waccan. Wata sai da imel, alhali yawancinmu mun manta lambar sirrinmu tun ranar da aka buɗe mana. Wata ba ta motsi sai da sabis mai ƙarfi. Daga ƙarshe na tsaya kan wata shuɗiya mai ɗaki-ɗaki, na taki daban, na rahoto daban.

Ranar da za a sa wa kowa, aka jibge mini wayoyi a tebur. Ina cikin yi na zo kan ta dattijon da ke kula da Runka, wanda ya girme mu duka. Wayar ta ce babu wuri.

"Baba, sai an rage kaya. Saƙonnin muryar nan ne suka cika ta."

Ya miƙo hannu da sauri. "Waɗanne?"

Na nuna masa. Ya duba, ya ce, "Na ƙanena ne."

Duk ofis mun san an tare ƙanen nasa a hanyar gona, bai dawo da rai ba. Ya danna ɗaya, muka ji murya tana tambaya ko farashin wake ya sauko a kasuwar Wagini, kuma a gaida yara. Shi ke nan saƙon.

Na ce zan kwashe masa su a memori. Ya girgiza kai, ya ce an taɓa yi masa haka wajen mai gyara, komai ya salwanta.

"Ɗana, bar mini su inda suke. In an yi magana, ka turo mini ta tsohuwar."

Na ce to.

Da aka ji an ɗaga wa Baba ƙafa, sai na ƙauyukan bakin daji suka ce su ma shuɗiyar ba ta buɗuwa a wajensu, kuma gaskiya suka faɗa. Haka na zama ɗan aike tsakanin manhaja biyu. Shugaba ya rubuta a can, in kwafo in kai nan, a ba ni amsa in mayar. Tsohon guruf ɗin kuwa ba mai iya rufe shi, don nan ake jin labarin hanya kafin a tada babur. Har matata ta fara tambaya ko ƙarin matsayi aka yi mini, ganin wayar ba ta barin hannuna ko a kan tuwo.

Shuɗiyar ta yi tsit na ɗan lokaci, tsaf kamar sabon ofis. Sai mahaifiyar wani abokin aikinmu ta rasu, ya sa sanarwar a ɗakin taki. Shugaba ne ya fara yi masa ta'aziyya, mu ma muka bi.

Bayan girbi aka yi wa shugaban canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya shigo tsohon guruf ya yi sallama, aka yi ta yi masa maraba har yamma. Ban gaya masa akwai wata manhajar ba. A bayan a-kori-kura na goge ta, ranar da babur ɗina ya lalace, muna tafe Batsari tsakanin buhunan dawa. Ba wanda ya taɓa tambayata inda ta shiga.