Ruɓaɓɓiyar citta a jakar makaranta

Jiya da safe na kama 'yata Rifkatu tana cusa ruɓaɓɓiyar citta a jakar makaranta. Yarinyar da ta rantse za ta bar ajin sayans, wai kullum zana maikroskop suke yi, ba ta taɓa ganinsa ba.

Ashe sabon ticha ne ya aro ɗaya daga Kafanchan, ya ce kowa ya kawo abin da ya lalace a gonarsu.

Da ta dawo ta ce, "Baba, na ga abin da ya cinye mana citta! Ba maita ba ce, kamar zare yake."

"To, zancen canja aji fa?"

"In na tafi, wa zai nemo maganinsa?"

Yaran nan ba sayans suke gudu ba, hadda ce ta ishe su. Ku fa, kun taɓa leƙa maikroskop, ko zane kawai kuka sha?