Soron da Ba Shi da Maigida

Shekara ashirin da shida Tambaya magini ya yi yana ɗora ƙasa a kan ƙasa a yankin Bungudu. In aka bi gida-gida aka ƙirga, soraye tamanin da ɗaya ne suka fito daga hannunsa, ban da zauruka da rumbuna da katangu. Ko ɗaya bai taɓa rufta wa mai shi ba. Na tamanin da biyun ne ya ci shi.

Haifaffen Furfuri ne, ɗan magini, jikan magini, amma a Tungar Labbo ya yi zamansa, wani garin kasuwa da ke gefen hanyar Gusau. Gajere ne mai faɗin tafi, ba ya awo da komai sai kamunsa da takunsa. Matarsa Saude daddawa take yi, kuma gidan nan ba ya asarar ɗorawa: ita ta ɗebi ƙwaya, shi ya kwashe kwasfa ya jiƙa ya yi makuba, ruwan nan mai ja da ake kwaɓa yaɓe da shi don kada damina ta ci gini. In an tsokane su sai Saude ta ce, "Ni ke ciyar da cikin gida, shi ke ciyar da bayan gida."

Da kakar 1953 Malam Attahiru, malamin yaƙi da jahilci, ya iso garin a kan keke da takarda a aljihu. Dattawa sun yarda a yi gayya a gina ɗaki guda wanda zai ɗauki aiki biyar: ajin manya, ajiyar littattafai, karatun jarida, taron manoma ranar rabon irin auduga, da kuma lamba in masu allura sun zo. Malamin ya shimfiɗa takardar a ƙofar gidan Tambaya. Zanen akwati ne kawai, da ɗigo a tsakiya.

"Wanga ɗigo fa, Malam, mi ne ne?"

"Ginshiƙi ne, Baba. Shi zai riƙe rufi."

"To wanda ya zauna bayan shi, allo zai karanta ko ginshiƙi?"

Malam Attahiru ya yi dariya, ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. "Kai ka sani, Baba. Ni dai haske nake so. Soronku na gargajiya ko tsakar rana sai an lalubi ƙofa."

Maganar ta soki Tambaya, don gaskiya ce. Tagar da ubansa ya koya masa ba ta wuce tafin hannu, don a tsare sanyi a kori ɓarawo. Shi bai iya boko ba, bai kuma taɓa gina wa ido ɗaki ba. Sai ya yi kwana uku yana bin malamin duk inda ya zauna da littafi, yana kallon yadda yake karkata shafi: baya ga rana, gefe ga haske. Rana ta huɗu ya tafi filin da za a yi ginin ya fara takawa.

Tsawo taku goma sha shida, faɗi goma sha biyu. Ba ginshiƙi. A maimakonsa bakan gizo huɗu, ginin nan da ake lanƙwasowa daga bango zuwa bango, biyu sun gitta biyu, suka haɗu a sama suka ɗauki rufin kamar yadda igiya ke riƙe guga. Taga tara, biyar arewa huɗu kudu, ko ɗaya babu a gabas, don ta nan ruwa ke dukan gini. Kowace taga ƙarama ce ta waje, ta buɗe baki ta ciki, haske ya shigo ya baje a kan tabarma. Ƙofa biyu: ta gaba ta maza, ta baya don mata su shigo da 'ya'yansu ranar lamba ba sai sun ratsa majalisa ba. Dakali ya zagaye bango, yana ɗaukar mutum arba'in in an matsa.

Littattafan ne suka hana shi sakat. Malamin ya so a yi masu gurbi a jikin bango, Tambaya ya ce wannan kiran gara ne zuwa walima. Saude ce ta warware, tana tsaye tana juya tukunya.

"Ni nonon da nika ɓoye wa kyanwa, ƙasa nika aje shi?"

Sai aka rataye katako uku daga jikin bakan gizo da sarƙa, kamar ragaya, ba sa taɓa bango, ba sa taɓa ƙasa. Littafi ɗari da arba'in suka hau.

Tubali dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu ginin ya ci, azara ɗari uku da sha biyu, wata biyar na aiki. Indararo shida. Tsayinsa kamu goma sha huɗu, ba abin da ya fi shi a garin sai masallaci. A nan kuma matsalar take, ko da yake ranar buɗewa ba wanda ya kula sai mai ginin. Filin da aka samu yana tsakanin gidaje huɗu ne, ciki har da na liman da na Alhaji Tukur mai awon auduga. Duk wanda ya hau rufin nan, tsakar gidajen huɗu na tafin hannunsa.

Ga yadda aka saba tun kaka da kakanni. Soron ƙasa kamar doki yake, kullum sai da kiwo. Kowace shekara kafin ruwan fari sai an hau an share rufi, an buɗe indararo, an toshe tsaga, an shafe da makuba. Amma magini ba ya hawa don kansa. Maigidan soron ne zai aika wa maƙwabta cewa gobe da hantsi za a hau, mata su shige ɗaka, sannan ya kira magini. Wanda ya hau ba da wannan aike ba, sunansa mai leƙe, kuma magini mai leƙe ya gama sana'a, don sana'ar duk shiga gidan mutane ce.

Shi ya sa da aka gama addu'a, Tambaya ya ja malamin gefe.

"Malam, wa ne ne maigidan wanga ɗaki?"

"Ai na kowa ne, Baba. Daɗinsa ke nan."

"Kowa ba ya aike, Malam. Ka taɓa jin an ce Kowa ya aiko a gaishe ka?"

Malam Attahiru ya ce shi zai tsaya. Ya kuwa tsaya. Shekara biyu yana aikawa gidajen nan huɗu, Tambaya yana hawa da hantsi ya sauko kafin azahar. Shekarun nan biyu su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Da la'asar yakan zauna a ƙarshen dakali, ba don karatu ba, don ya ga mahauta da masaƙa sun duƙufa suna haɗa baƙi da wasali ba wanda ke matse ido. A ƙarƙashin rufin nan mutum sittin da uku suka karɓi takardar shaidar iya karatu. Shi da ya gina bai kai ga rubuta sunansa ba, bai kuma damu ba.

A farkon 1956 aka mayar da Malam Attahiru Tsafe. Ya bar makulli a hannun Garba, wani tsohon soja mai son jarida, ya hau kekensa. A cikin sallamar da ya yi wa mutane bai tuna da rufi ba.

Da bazara ta kama, Tambaya ya jiƙa makubarsa ya zauna jiran aike. Shiru. Ya tafi wajen Garba.

"Ni makulli anka ba ni, Tambaya, ba soro ba. In na aika gidan liman, a matsayin wa?"

Ya tafi wajen liman. Liman ya ce shi maƙwabci ne, aiko masa ake yi, ba shi ke aikawa ba. Ya tafi wajen mai gari, mai gari ya ce ɗakin boko ne, za a rubuta takarda a tambayo wanda ke da alhakinsa. Takarda ta tafi, ba ta dawo ba. Ƙarshe ya cire kunya ya je wa Alhaji Tukur ya ce to shi da kansa yake neman izni.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Magini ya aiko wa kansa? Gobe duk mai tsani a garin ga ya ce shi ma ya aiko. A'a, Tambaya. Maigida ya aiko, ko yau ne, in sa su shige."

Ba mugunta ba ce. Kowannensu a kan daidai yake, soron ne dai ba shi da uba.

Daminar nan, duk sa'ad da aka kece da ruwa, mutane na gudu gida, shi yana fitowa da buhu a ka ya tsaya yana ƙirga indararo. Huɗu na zuba, biyu sun yi shiru. Damina ta gaba biyu ke zuba. Ciyawa ta fito a rufin har ana hango ta daga kasuwa, wani tabo mai faɗin faifai ya bayyana a ciki daidai inda bakan gizo suka haɗu. Sau goma sha ɗaya ya zagaya mutanen nan huɗu a shekara biyu. Har yara sun koyi kwaikwayonsa: "Wa ne ne maigida?"

Saude ta ga inda zuciyarsa ta nufa tun bai faɗa ba.

"Malam, gida tamanin da ɗaya sun yarda ka shigo mata na daka ba su tashi ba. Shekara nawa ka yi kana tara wannan? Kada ka zubar da shi saboda ɗakin da ba naka ba."

"Ba nawa ba, ba na kowa ba," ya ce. "To na wa za shi faɗa wa a kai?"

Bazarar 1958, ranar wata Talata da hantsi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Tambaya ya saɓi tsani. A gindin soron ya tsaya ya ɗaga murya sau uku, "Magini zai hau! A shige ɗaka!" Iska ta kwashe maganar. Ya ja malafa har kan hanci, ya hau.

Indararo biyar ya buɗe yana duƙe, idonsa a kan hannunsa. Na shidan ta kan katangar Alhaji Tukur yake zuba. Yana isa wurin aka kwarma ihu daga ƙasa: matan gidan na tsakar gida ana kitso, ba wadda ta ji kiransa. Ya juya baya da sauri ya yi tsakiyar rufin, a nan ne diddigensa ya nutse. Ya durƙusa ya tona da yatsa. Azarar da ya zaɓa da kansa, giginyar da gatari ke tsalle a kanta, ta marmashe a hannunsa kamar dafaffen rogo. Ruwan damina biyu ya kwanta a kanta. Ya makara.

Ya sauko ya tarar da mutane sun cika gindin tsani. Alhaji Tukur ya tare shi cikin fushi.

"Da furfurarka, Tambaya? Da furfurarka?"

"Ku kwashe littattafai," abin da Tambaya ya ce ke nan. "Kada kowa ya sake zama ciki."

Ba wanda ya saurare shi sai Garba. A gaban mai gari ba a doke shi ba, ba a ci shi tara ba, tsaninsa kawai aka karɓe. Amma daga ranar ba gidan da ya sake aiko masa. Garba kuwa ya kwashe littattafan zuwa zaurensa, ɗari da talatin da ɗaya da suka rage, ya garƙame ƙofofin biyu, ya mayar da ajin manya gindin wata tsamiya.

Cikin watan Agusta, bayan kwana shida ana marka, rufin ya rufta da azahar. Ba kowa a ciki. Bakan gizo uku suka tsaya a tsaye, ruwa na bi ta jikinsu. Da aka ɗauke ruwan, Tambaya ya zo ya tsaya daga nesa, ya ji wani na cewa, "Ashe ginin nasa ma ba shi da ƙwari." Da sunan mai leƙe da sunan wanda gininsa ya faɗi ya koma gida, duka biyu a shekara guda.

Da kaka ya tafi Gusau neman aiki inda ba a san shi ba. Ya samu wurin masu buga bulo na siminti, mai soraye tamanin da biyu yana cika ma'auni yana kifewa a ƙasa, ɗari da hamsin a wuni. Wata bakwai ya yi. Tari ya kama shi, aka maido shi gida a motar auduga, ya rasu kafin ruwan farin 1959.

Labari bai kai Tsafe da wuri ba, sai bayan sadakar bakwai Malam Attahiru ya iso a kan kekensa. Ya zauna a zaure, Saude na daga bayan asabari. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce a Tsafe ma ya sa an gina ɗaki irin wannan, taga tara, ba ginshiƙi, don ya riƙe fasalin a ka.

"Shi wancan, wa ne ne maigidan shi?" in ji Saude.



Ta tashi ta shiga ciki. Can ta jawo buhu har bakin asabari, kwasfar ɗorawa ce cike, wadda ta ci gaba da tarawa don hannu ya saba, ba mai jiƙawa.

"Ka ɗaure a keke, Malam. Ka samo wa ɗakin Tsafe mutum guda, mai suna, wanda in ya aika za a ji. Kafin ruwan fari."

Ya ɗaure buhun da igiya, ya ja keken da hannu har ya wuce kangon, sannan ya hau.