Randar Malama Asabe

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina. Tudun Wada ta wayi gari sama wasai, kamar an wanke ta an shanya, sai shirwa ɗaya tana lilo can nesa. Malama Asabe ta iso ɗakin karatu da hantsi yadda ta saba shekara da shekaru. Ta buɗe ƙofa, ta share rumfa, sannan ta yi abin da ba ya cikin aikin da aka ɗauke ta: ta cika randa.

Ɗakin karatun ba wani babba ba ne. Ƙungiyar gari ce ta gina shi, ɗaki ɗaya, kantocin katako cike da littattafai, da kwamfuta guda mai aiki da hasken rana. Randar tana bakin ƙofa cikin yashi mai laima, a inuwar dalbejiya. Da ta fara ajiye ta an yi mata dariya. Ta ce, "Wanda bai iya karatu ba kunyar shigowa yake ji. Ƙishirwa kuwa ba ta san kunya ba."

Haka kuwa aka yi. Ɗan acaɓa ya tsaya ya sha, manomi ya jingine fartanya ya sha, masu tallan nono su sauke ƙorai su miƙe ƙafa. Kafin moɗa ta koma kan murfi, Malama ta faɗa maka abin da gwamnati ta sa a shafukanta na intanet da safen nan, ta juye Turancin zuwa Hausar tsakar gida: ranar da za a yi wa shanu allura, inda ake rajistar haihuwa, lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa. Irinmu da muka tsere daga aji muka koma gararamba a tasha, a bakin randar nan muka fara jin cewa maganar gwamnati tamu ce. Malama takan ce rijiya ce mai zurfi, ta kowa da kowa, sai dai ba kowa ke da guga ba.

Cikin masu nonon akwai Hasana, matar Dikko, daga wata ruga a cikin kwari, bakin rafin da ke gangarowa daga duwatsun Doguwa. Can waya ba ta kamawa. Duk labarin da ya isa rugar, tare da ƙwaryar Hasana yake zuwa. Ita kuwa ba ta zama sai ta yi tsokana.

"Malama, yau me akwatin naki ya yi mafarki?"

"Ya yi mafarkin kin daina zuba wa nono ruwa."

"Ji Kaɗo! Ai ruwan randarki ne, ki tuhume shi."

A wannan Larabar akwatin ya kawo sanarwa daga hukumar hasashen yanayi: ruwa mai ƙarfi zai sauka a kan duwatsu, rafuka za su cika kafin dare, na cikin kwari su hau tudu. Malama ta karanta, ta leƙa sama, ta ga ko tsinken gajimare babu. Duk da haka ta faɗa wa kowa da ya taɓa moɗa, tana zuba ido ga Hasana. Azahar ta wuce, sai wata mai nono daga wata rugar ta ce, "Af, ba ki ji ba? Hasana ta sauka shekaranjiya, mace. Tana ɗaki."

Ke nan yau babu mai kai labari kwarin.

Kwanon rufin ɗakin karatun ya tsufa. Duk ranar da ake tsoron hadari, Malama takan kwashe littattafai ta tara su a tsakiya ta lulluɓe da tamfol, aikin da kan ci mata yamma guda. Shitu ɗan acaɓa, wanda ta kira, ya ce ya same ta tsaye a tsakiyar ɗaki tana shafa bayan littattafan a hankali, kamar mai sallama da 'ya'ya. Daga nan ta naɗe tamfol ɗin ta ɗora a bayan babur.

"Malama, littattafan fa?"

"Jaririya ba ta da bango, Shitu. Ja mu je."

Sun tarar da Dikko a gindin marke. Bayan gaisuwa da barka, ya saurare ta har ƙarshe, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Malama, gwamnatin taku hawa ta yi ta leƙo?"

"Malam Dikko, Allah ne masani. Abin da suka hango na kawo maka, domin haƙƙinka ne ka ji. In bai zo ba, ka yi ta yi mini dariya har kaka."

Dikko ya tashi tsaye. Ya saɓa sanda ya gangara rafi, ya durƙusa. Ruwan da ya sani garai-garai ya fara yin ja, yana ɗauke da kumfa da ganyayen da ba na kwarin ba. Ya miƙe ya ƙwala kira cikin Fillanci, ruga ta tashi.

Ana kiran magariba suna kan tudu lokacin da ƙarar ambaliyar rafin ta iso, tun kafin ruwan sama. Shitu ya ce kamar garken da ba shi da ƙarshe ne ke wucewa a ƙasa. Bayan nan hadari ya ɓarke. Hasana na ƙarƙashin tamfol rungume da jaririyar, Malama ta danne gefe ɗaya da gwiwa.

"Malama," in ji Hasana, haƙoranta na haɗuwa, "ki ce wa akwatin nan ya rage mafarki."

Ke ce gugan zurfi, Malama. Ke ce kika ɗauko magana daga inda ta maƙale a allon kwamfuta kika sa mata ƙafa. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, amma yarinyar da aka haifa ran Litinin, Asabe ake ce mata, duk wanda ya ce sunan bai dace da ranar ba Hasana takan ce ya je ya tambayi rafi.

Ƙarshen watan nan Malama za ta ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ki inuwa yadda kika ba mu. Mu kuma da waya ke hannunmu, wanda ya iya karanta sanarwa ya tuna akwai kwarin da ba ta isa. Ya tashi ya kai.

Washegarin waccan Larabar, Malama ta tarar iska ta yaye rufin ɗakin karatun. Ga abin da aka rasa: littattafai ɗari biyu da 'yan kai, kwamfuta ɗaya, bukkoki shida, maraƙi ɗaya, da randa, wadda reshen dalbejiya ya faɗo wa. Ba a rasa mutum ko ɗaya ba.