Farin Kallabin Inno Maijidda

Inno Maijidda ungozoma ce a Kurawa, Allah Ya jiƙanta. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, kullum da goro a kumatu. Rabin unguwa ita ta yanke musu cibi, shi ya sa ba ta jin nauyin kowa. Ko mai gemu ya ɗaga mata murya sai ta ce, "Rufa mani baki, na san ka tun ba ka da wando."

Karatunta bai wuce surorin salla ba, amma duk ɗan da ta karɓa tana riƙe da shi a ka: wane ya yi saurin baki, wane ya daɗe yana rarrafe.

A farin farko, da ruwan sama ya ɗauke, itace ya ƙare a daji, al'adar jego kuwa ba ta ƙare ba. Sai an hura wuta a ɗaki, an toshe taga da tsumma, uwa ta gasu kwana arba'in, jariri na gefenta. Da babu ƙirare aka koma busasshen kashin shanu da tumfafiya, wani gidan har da tsoffin takalman roba. Inno da hannunta ta hura irin wannan wuta ba iyaka.

Da ƴaƴan farin suka isa shiga makarantar allo, malamai suka fara kuka da su. A biya wa yaro da safe, kafin azahar ya zube. Kowa ya ce yunwa ce, Inno ma ta yarda yunwa ta ɗebi rabonta. Amma gidan su Labbo ya tsaya mata a rai. Labbo da ƙanensa Bawa tukunya ɗaya suke ci, matansu kuma wata ɗaya suka haihu. Labbo malalaci ne, bangon ɗakin matarsa ya tsage tun da damina bai liƙe ba, hayaƙi ta nan yake ficewa. Bawa mai kula ne, ɗakin tasa matar ko sauro bai samun ƙofa. Ga ɗiyar Labbo tana zuba karatu, ga ɗan Bawa, yaro mai ladabi, yana fama da baƙi ɗaya mako guda. Ta bi sauran gidaje a zuci. Ba duka suka dace da zatonta ba, amma waɗanda suka dace sun isa su dame ta.

Da fari ya sake dawowa, Habi ɗiyar Kande ta zo gida haihuwar fari, ta sami mace. Kande sa'ar Inno ce, tare suka yi ɗibar ruwa suna ƴammata. Ta riga ta tara kashin shanu kwando biyu.

"Wagga wuta ba ta shiga ɗakin jinjira," in ji Inno.

"Mi kika ce? So kike sanyi shi kama mani ɗiya, a ce Kande ba ta iya jego ba?"

"A hura waje, a shigo da garwashi. Kuma a buɗe taga. Hayaƙin ga shina taɓa kan yara."

"Ikon Allah! Yaushe anka ba ki asibitin garin Isa, ba ki gayyace mu walima ba? Ni da ke cikin hayaƙi munka tashi."

"Na itacen ƙirya munka sha, ba na kashi ba. Kuma ke ɗin ai ga ki nan, har yau sai liman ya tsaya kike gane raka'a ta nawa."

Habi ta ƙyalƙyale da dariya har ta riƙe ciki. Kande ta hura wutarta, ta ƙara danna tsumma a taga.

Inno ba ta ƙara gardama ba. Ta ɗauko farin kallabinta, sabo fil, wanda ta yi niyyar ɗaurawa ran suna, ta rataye shi a bango daidai inda kan jaririyar yake. Ta ce kada wanda ya taɓa, za ta dawo.

Washegari da hantsi ta shigo, ta sauke shi, ta ja Kande tsakar gida inda rana take. Kallabi ya yi duƙun-duƙun, ya koma kalar gindin tukunya. Ta koma ɗaki ta sa ɗan yatsa ta lakato hancin jaririyar a hankali, ta fito ta nuna mata. Baƙi.

"Wanga ƙyalle ko numfashi bai yi," in ji Inno. "Yini guda da kwana guda ke nan. Saura talatin da tara."

Kande ta juya kallabin, ta shinshina, ta yi tari. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da jikarta take.

"Kin ɓata sabon kallabi a banza," ta ce. "Tun muna yara ba ki da tattali."

Sai ta ɗauki taɓarya ta zagaya bayan ɗaki, ta zungure tsumman tagar ya faɗa ciki. Ta kwashe wutar a kasko ta kai gindin katanga, tana mita har ta dire.

"In ɗiyata ta yi atishawa ko guda, za ni biyo ki har gida."

"Ki taho da goro," in ji Inno.

Habi ta ƙare arba'in da garwashi da kunun kanwa, jaririyarta na barci iska na shiga ta taga.