Nisan Malesiya a Bakin Yayana

Yayana ya yi shekaru a Malesiya yana koyarwa a jami'a, kuma duk shekarun nan kalma ɗaya ce a bakinsa: nisa. Salla ta zo, nisa. Bikin 'yata, nisa. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Innarmu a gidanmu na Daura, ni ce mai juya ta, ni ce mai wanke ta, shi kuwa sai ya bugo waya ya ce wai ban gane ba ne, tafiyar ba irin ta Daura zuwa Kano ba ce. Na tsani wannan magana har cikin raina.

Inna ta yarda da shi, don ita ta san abin da ake kira nisa. Kakanta da ƙafa ya tafi Makka, bai dawo ba sai da yaran da ya bari suka yi aure. A ganinta ɗanta ma haka yake, can bangon duniya. In na fara faɗa sai ta ce, "Ke dai kin cika mita. Da kusa ne ai da ya zo."

Wata rana haushi ya ishe ni, na ɗauki waya na duba. Daga filin jirgin Kuala Lumpur zuwa na Kano, har da canjin jirgi a hanya, tafiyar ba ta wuce kwana guda ba. Na gaya mata. Inna ba ta lissafi da awa, sai ta ce, "Salla nawa ke nan?"

Na ce, "In ya yi asuba a can, Inna, asubar gobe a Kano za ta same shi."

Ta ƙirga da yatsun hannun da ke motsi, hannun ya ishe ta. Sannan ta ce, "Ashe masu kai shanu kudu ma sun fi shi daɗewa a hanya." Daga ranar ba ta sake tambayar yaushe zai zo ba.

Ana nan, wata rana da hantsi Inna ta rasu. Nan take nisan ya ɓace. Yayana ya bugo yana kuka, wai kada a binne ta, ga shi nan tafe, gobe yana gida. A garin nan, gawa ta kwana tana jiran mai digiri? Kawunmu ko sauraronsa bai yi ba. Bayan azahar aka sallace ta, aka kai ta makwancinta.

Washegari da la'asar sai ga shi, da jakarsa mai taya, ƙafarsa ko ƙura babu. Ya wuce masu zaman makoki a zaure, ya same ni a ɗakinta ina naɗe zannuwanta.

"Kwana ɗaya kacal na roƙa," in ji shi. "Kwana ɗaya ku kasa jira na?"

Ban ɗago kai ba. Na ce, "Ta jira, Yaya. Kuma ta ƙirga da hannunta, ita ma ta san kwana ɗaya ne."